Yadda Muka Fitar da Gwarzon Littafin Shekara a Ƙungiyar Karatunmu

A ƙarshen watan Oktoba shugabar ƙungiyar karatunmu ta ɗora mini shirya bitar ƙarshen shekara, wato zaman da za a waiwayi littattafan da muka karanta tare, kowa ya faɗi wanda ya fi kwanta masa a rai, sannan a fitar da gwarzo. Mu 18 ne, muna haɗuwa sau ɗaya a wata, ni ne magatakarda. Na ɗauka aikin mako guda ne, sai ga shi ya ci mako 7. Na rubuta wannan bayani ne domin magatakardan wata ƙungiya da za a ɗora wa irin wannan nauyi, ya san wuraren da ake tuntuɓe tun kafin ya isa gare su.

Abu na farko shi ne haɗa jerin littattafan, kuma nan na fara gane cewa ba mu da wani kundi da muke rubuta abin da muka karanta. Dole na koma zauren hirarmu na waya, na bi saƙonni tun daga Janairu, ina tsamo sanarwar kowane wata daga cikin gaisuwa da hotuna. Kwana 3 na yi a kan haka. Daga Janairu zuwa Nuwamba wata 11 ne, amma littattafan 10 ne, domin wani littafin tarihi mai shafuka sama da 600 ya ci Maris da Afrilu. Da na tura jerin sai gardama biyu suka taso. Ta farko a kan watan Yuni ce, lokacin da aka zaɓi wani littafi, aka kasa samun isassun kwafi, aka musanya shi da wani bayan mutum 4 sun riga sun karanta na farkon. Muka yanke cewa littafin da aka zauna aka tattauna a kansa shi ne na ƙungiya. Ta biyu ta fi wuya. Wani ƙagaggen labari da aka fassaro daga wani harshe, ashe fassara biyu ce ke yawo a hannun mambobi, ɗaya cikakkiya, ɗaya kuma an taƙaita ta domin ɗalibai, an cire babi-babi da dama. Sunan littafin ɗaya ne, sunan marubucin ɗaya ne, bangon ne kawai ya bambanta. Abin da ya raba gardama shi ne lambar ISBN da ke bayan bango, domin kowane bugu da tasa lambar. Tun daga 2007 lambar mai alƙaluma 13 ce, tsofaffin bugu kuma masu alƙaluma 10 ne. Na ce kowa ya ɗauko hoton bayan littafinsa, muka gano mutum 3 taƙaitacciyar suka karanta. Su da kansu suka amince kada a lasafta su cikin waɗanda suka gama shi.

A mako na biyu na tafka kuskuren da ya fi kowane ɓata mana lokaci. Na buɗe zaɓe a cikin zauren hira, na jera littattafan, na ce kowa ya taɓa ɗaya. Cikin kwana 2 mutum 15 suka zaɓa, kuma ƙuri'a 11 suka faɗa kan littattafan Satumba da Oktoba. Littattafan Janairu da Fabrairu ko ƙuri'a ɗaya ba su samu ba, alhali na tuna yadda aka yi sa'a biyu ana kai ruwa rana a kan na Fabrairu har aka ƙi tashi. Dalilai biyu ne suka jawo haka. Abin da mutum ya karanta jiya ya fi na wata 9 da suka wuce tsayawa a ƙwaƙwalwarsa, ko da na bayan ya fi daɗi. Sannan a irin wannan zaɓe kowa na ganin abin da na gabansa ya zaɓa, da sunansa, don haka da shugaba da wani dattijo da ake ganin girmansa suka taɓa littafi ɗaya, sauran suka bi sahu. Wata mamba ta kira ni a waya ta ce, "Malam, gaskiya ni ba shi na fi so ba, amma Baba ne ya kawo littafin, yaya zan yi ya ga sunana a ƙarƙashin wani?" Raina ya ɓaci, domin laifin tsarina ne, ba nata ba. Na rufe zaɓen, na nemi afuwa, na nemi shugaba ta kafa kwamitin mutum 3, ni da ma'aji da wata malama da ke koyar da lissafi.

Kwamitin ya zauna sau ɗaya, na tsawon sa'a ɗaya da rabi, muka rubuta ƙa'idoji a shafi guda, kuma muka yi alkawari ba za a taɓa su ba bayan an fara kaɗa ƙuri'a. Wanda zai yi zaɓe sai ya gama aƙalla littattafai 3 daga cikin 10, abin da ya sa masu zaɓe suka zama 17, domin mutum ɗaya a Satumba ya shigo. Ƙuri'a ta sirri ce. A gaban kowane littafi akwai gida uku da mutum zai yi wa alama: na gama, na fara ban gama ba, ban fara ba. Wanda ya gama ne kawai zai ba da maki, daga 1 zuwa 5, sai a tara makin a raba da yawan waɗanda suka bayar, a samu matsakaici. Littafin da ƙasa da mutum 6 suka gama ba ya cikin takara, wato kashi ɗaya cikin uku na mambobi, don kada mutum biyu su ba shi 5-5 ya haye kan kowa. A ƙasan takardar kuma kowa zai jera littattafai 3 da ya fi so, na ɗaya ya samu maki 3, na biyu 2, na uku 1. Malamar lissafin ce ta kawo wannan, ta ce gajeren nau'i ne na ƙidayar da wani masanin lissafi Bafaranshe mai suna Borda ya gabatar wa cibiyar kimiyya ta Faransa a 1770, sai dai a tasa ana jera dukkan 'yan takara ne daga sama har ƙasa. Mun sa shi ne don raba gardama idan aka yi kunnen doki. Ba mu san shi ne zai zama abin magana a ranar taro ba.

Kafin a raba ƙuri'a na rubuta takardar tunatarwa, kuma a ganina ita ce mafi amfani a duk abin da na yi. Kowane littafi ya samu layi 5 zuwa 6: watan da aka karanta shi, yawan shafukansa, manyan taurarinsa ko jigonsa, da tambayar da aka fi yin muhawara a kanta ranar zama. Ban sa yabo ko suka ba, ban kuma sa sunan wanda ya kawo littafin ba. Na ba malamar lissafi ta duba ko son raina ya ɓuya a wani wuri, ta kuwa kama ni a wurare 2, inda na kira wani labari "mai ratsa zuciya" na kuma ce wani "doguwar tafiya ce." Muka goge su. Na tura takardar mako guda kafin zaɓe. Mutane da dama sun ce sai da suka karanta ta suka koma suka ɗauko littafin Fabrairu daga kan kanta.

A wannan makon ne kuma na nemi wurin taro, domin ɗakin da muke zama ba zai ɗauke mu da baƙin da aka ce kowa ya gayyato ba. Na je wani ɗakin karatu mai ƙaramin zaure, ina zaton magana ce ta baki. Ma'aikacin da na tarar ya ce sai da wasiƙa zuwa ga shugaban wurin, mai ɗauke da sunan ƙungiya, ranar taro, ƙarfe nawa za a fara da ƙarfe nawa za a tashi, yawan mutane, da sa hannun jami'an ƙungiya 2 da lambobin wayarsu. Na kai washegari, aka buga hatimin karɓa a kwafina. Kwana 9 na jira, na koma sau 2. A zuwa na biyu aka ce ranar da muka nema an riga an bai wa wasu, da na rubuta rana ta biyu a wasiƙar da tuni an gama. Na ƙara ta da biro a nan take, aka amince bayan kwana 2. Ba su karɓi kuɗin haya ba, amma sun karɓi kuɗin ajiya da za a mayar idan an bar zauren da tsabta, suka ba da rasit. Ku adana wannan rasit, domin da shi kaɗai ake karɓo kuɗin.

Zaɓen ya gudana a ƙarshen Nuwamba, bayan zaman littafi na 10. Waɗanda suka halarta, mutum 12, sun cike takarda sun jefa a kwali. Sauran 5 na shirya musu fom a Google Forms, na kashe wurin da ke tattara adireshin imel don sirri ya tabbata. Akwai zaɓin da ke hana mutum amsawa sau biyu, amma yana buƙatar mai amsawa ya shiga da asusunsa na Google, kuma ba kowa ne ke da shi a waya ba. Sai ma'aji ya rubuta lambobi 5 a 'yan takardu, ya naɗe, aka kai wa kowa ɗaya ba tare da mun san wa ya samu wacce ba, mutum ya rubuta lambarsa a farkon fom. Na ba da wa'adin kwana 5. Mutum 3 sun amsa a ranar farko, na huɗu a rana ta huɗu, na ƙarshe sai da na yi tuni sau 3 a zaure ba tare da kama suna ba, tunda ban san ko wane ne ba.

Ƙidaya ta ɗauke mu sa'a 2, mu uku a teburi ɗaya. Ɗaya na karantawa, biyu na rubutawa kowa a takardarsa, sannan a gwada. Ga dabarar da ta cece mu: tunda kowace ƙuri'a tana raba maki 6 a jerin ukun farko, wato 3 da 2 da 1, ƙuri'a 17 dole su ba da jimillar 102. Ƙidayar farko ta ba mu 99. Muka sake bi ɗaya bayan ɗaya, muka tarar wata takarda da mai ita ya rubuta zaɓinsa na ɗaya a gefe, mai karantawa ya tsallake. Da aka ƙara 3 ɗin lissafi ya cika. Ta fuskar matsakaicin maki, kundin rubutattun waƙoƙin da muka karanta a Agusta ya samu 5 cif, amma mutum 4 ne kawai suka gama shi, don haka ya fita daga takara. Littafin tarihin nan mai kauri ya zo na ɗaya, mutum 7 suka gama, suka ba shi jimillar 32, matsakaici 4.6. Labarin da aka fassaro ya biyo shi, mutum 12, jimilla 53, matsakaici 4.4. Wani gajeren labari da kusan kowa ya gama, mutum 16, ya tashi da 62, wato 3.9. Da muka juya ga jerin ukun farko sai tsarin ya sauya: labarin da aka fassaro 28, gajeren labarin 22, littafin tarihi 18.

Nan muka daɗe muna kallon takardun. Gidan "na fara ban gama ba" ne ya bayyana abin da ya faru. Mutum 8 sun fara littafin tarihin sun ajiye, 2 ba su taɓa shi ba. Wanda ya jure shafuka 600 har ƙarshe, tun farko littafin ya yi masa daɗi ne, waɗanda bai yi wa ba kuwa sun sauka a hanya, kuma ƙa'idarmu ta hana su magana. Gajeren labari kuwa ko wanda ya ƙi shi yakan daure ya ƙarasa, sannan ya ba shi 2. Ashe tsarin matsakaici yana fifita dogon littafi a kan gajere, mu kuma ba mu hango haka ba. Ma'aji ya ce a ba labarin da aka fassaro kawai, tunda shi ne a zahiri ya fi mabiya. Malamar ta ce, "A'a Yallaɓai, mun ce ba za a taɓa ƙa'ida ba bayan an ga ƙuri'a. In muka canza yau don sakamakon bai yi mana ba, badi wa zai yarda da mu?" Na goyi bayanta, har yanzu kuma ina ganin ita ce da gaskiya. Muka kai wa shugaba, aka tsaya a kan cewa littafin tarihi ne gwarzo bisa ƙa'ida, labarin da aka fassaro a ambace shi a matsayin wanda ya fi shiga jerin ukun farko, kuma a buga dukkan alƙaluman, har da yawan waɗanda suka ajiye kowane littafi.

Sai batun ɗan littafin bita da muka so raba wa mambobi. Na nemi mutum 10, kowa ya rubuta sharhin kalmomi 150 a kan littafi ɗaya, da sharaɗin kada ya tona ƙarshen labari, kuma kada ya zama shi ya kawo littafin. A nan na makara. Sai bayan ƙidaya na nema, na ba da mako guda, alhali tun farkon Nuwamba ya kamata. Sharhi 6 suka zo a kan lokaci, 2 suka zo da kalmomi sama da 400 sai da na zauna da masu su muka rage, 2 kuma ba su zo ba har sai da na kira masu su a waya, suna faɗa ina rubutawa, na karanta musu suka amince.

A maɗaba'a na koyi abubuwa uku. Na je da shafuka 18, mai bugawa ya ce ba zai yiwu ba. Ɗan littafin da ake naɗewa a maƙale da ƙarfe a tsakiya, takardar A4 ɗaya ake ninkawa biyu ta ba da shafuka 4 na girman A5, don haka yawan shafuka sai ya rabu da 4, ko 16 ko 20, ban da bango. Na ƙara shafuka 2 na littattafan da mambobi suka karanta su kaɗai a cikin shekarar, kowa layi ɗaya, kuma daga baya wannan sashe ne aka fi karantawa. Abu na biyu, na kai rubutun a fayil ɗin da ake iya gyarawa, da aka buɗe a kwamfutarsu duk haruffa masu ƙugiya, ƙ da ɗ da ɓ, suka koma akwatuna, domin nau'in haruffan da na yi amfani da shi babu shi a wurinsu. Maganin shi ne a mayar da fayil ɗin PDF tun daga gida, a tabbatar haruffan na cikinsa. Abu na uku, a nemi kwafin gwaji guda kafin a buga sauran, ko da za a biya kuɗinsa daban. A namu na tarar jadawalin sakamako ya faɗa daidai wurin ninki, ƙarfe ya cinye layi ɗaya na alƙaluma. Muka buga kwafi 25 a takarda mai nauyin giram 80, bango da kati mai ɗan kauri, aka gama a kwana 4. Bugun ya cinye kusan kashi biyu cikin uku na karo-karon da aka tara, sauran ya tafi ga kuɗin ajiyar zaure da buga takardun ƙuri'a. Na ɗaure kwafin a kwali na ajiye, don sakamakon na ciki.

Ranar taro mun tsara sa'a 2. Kowane littafi minti 6, mai sharhi ya karanta nasa, mutum ɗaya ya ƙara ko ya yi suka, jimilla sa'a ɗaya. Sanar da sakamako minti 15, muhawara minti 30, zaɓen littattafai 3 na farkon sabuwar shekara minti 15. Mun fara a makare da minti 25 saboda ba mu zo da wuri mun jera kujeru ba, kuma zauren na da lokacin rufewa, don haka zaɓen littattafan badi ya koma zaman Janairu. Mai kula da lokaci ya riƙe ƙararrawa, ba don haka ba da littattafai 4 na farko sun cinye zaman. Da aka sanar da gwarzo zauren ya yi tsit na ɗan lokaci, domin fiye da rabin mambobi ba su gama shi ba. Malamar ta tashi ta bayyana alƙaluman a allo ba tare da ɓoye komai ba. Dattijon da na ambata ya ce, "'Yata, kin yi daidai da kika faɗa mana. Ni ina cikin takwas ɗin da suka ajiye shi, yanzu kuwa zan koma masa." Daga nan muhawara ta yi daɗi, aka shiga batun ko littafin da ya gagari mutane a ƙarasa ya cancanci yabo, hankalina kuma ya kwanta.

Ga abin da zan gaya wa wanda zai yi bayana. Ba a fafe gora ranar tafiya: a buɗe kundi tun Janairu, a kowane zama a rubuta sunan littafi, bugunsa da lambarsa, yawan waɗanda suka gama, da abin da aka yi gardama a kai. Mafi muhimmanci, a karɓi makin kowa a asirce a ƙarshen zaman wannan watan, a rufe a ambulan, sai Disamba a buɗe. Wannan kaɗai zai kawar da matsalar mantuwa, ya bar jerin ukun farko kawai a matsayin zaɓen ƙarshen shekara. A rubuta ƙa'idoji a karanta wa kowa kafin a ga ƙuri'a ko ɗaya. A kai wasiƙar neman zaure wata guda kafin rana, da ranaku biyu a ciki. A nemi sharhi wata guda kafin zuwa maɗaba'a, a kuma tanadi mutum 2 da za su cike gurbin wanda ya kasa.

Game da dogon littafi da gajere, ƙungiya ta amince da gyara ɗaya na shekara mai zuwa. Wanda ya kai kashi ɗaya cikin uku na littafi sannan ya ajiye don bai yi masa ba, yana da damar ba da maki, amma ba zai wuce 3 ba. Wanda ya ajiye don rashin lokaci ko rashin kwafi kuwa zai yi alama a wani gida na daban, ba zai ba da maki ba. Takardar ƙuri'ar ta koma gida huɗu ke nan, kuma an riga an buga kwafi 20 domin zaman Janairu.